Dashen Injin Wasan Doom a Kwamfutar Amiga: Tarihin Na'urar da Ta Rayu Bayan Kamfaninta

Gabatarwa

Manufar wannan lacca ita ce a bi diddigin wani al'amari guda daga cikin tarihin kwamfuta, watau yadda aka ɗauko injin wasan nan da ake kira Doom, wanda aka shirya domin kwamfutoci masu bin tsarin kamfanin IBM, aka dasa shi a wata kwamfutar gida mai suna Amiga. Wannan dashe ya auku ne a ƙarshen 1997 da farkon 1998, shekara huɗu bayan fitowar wasan, kuma fiye da shekara uku da rabi bayan rushewar kamfanin da ke ƙera Amiga.

Mai yiwuwa ne wani ya ce, me ya kawo zancen wasa cikin zauren jami'a? Amsa ita ce, a wancan zamani babu aikin da ya matsa wa kwamfutocin gida lamba kamar wasanni, domin haka a wurinsu ne ake ganin iyakar ƙarfin na'ura da kuma aibin ƙirarta. Bayan wannan kuma, labarin ya ƙunshi wata tambaya da ta shafi duk wanda ya taɓa sa hannu a takardar sayen na'ura da kuɗin jama'a: idan zamani ya wuce na'ura, wanda ya ƙera ta kuma ya bar kasuwa, me zai sa ta ci gaba da amfani? Za a nuna cewa abubuwa biyu ne suka ba da damar wannan dashe, watau ƙofar da aka bari a jikin na'urar domin a ƙara mata kayan aiki, da kuma sakin asalin rubutun wasan ga jama'a.

Kafin a shiga cikin tarihin, ya kamata a fayyace wasu kalmomi. Ƙwaƙwalwa a nan ita ce ɓangaren kwamfuta da ke yin lissafi, kuma ana auna saurinta da megahaz. Ma'ajiya ita ce inda kwamfuta ke ajiye abin da take aiki a kansa, ana auna ta da bayit, kowane bayit kuwa bit takwas ne, kowane bit ɗaya ne ko sifiri. Injin wasa shi ne shirin da ke lissafa abin da ɗan wasa zai gani da abin da zai ji a kowane motsi, dabam da kayan wasan, watau hotuna da taswirori da sautuka. Matsayinsu kamar na masaƙa ne da zare. Dashe kuma shi ne a ɗauki injin da aka rubuta domin wata irin kwamfuta, a gyara shi ya yi aiki a wata iri dabam.

Asalin Amiga

A cikin 1982 ne aka kafa wani ƙaramin kamfani a jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda daga baya aka sa masa suna Amiga. Babban injiniyansa shi ne Jay Miner, wanda ya riga ya yi suna wajen ƙera wa kamfanin Atari ƙwayoyin lantarki masu zana hoto. Da kuɗi suka ƙare wa kamfanin, sai Commodore ya saye shi a watan Agusta 1984, aka kuma ƙaddamar da Amiga 1000 a birnin Niyu Yok ranar 23 ga Yuli 1985, inda shahararren mai zane Andy Warhol ya yi zane da ita a gaban jama'a.

Ƙwaƙwalwar wannan na'ura ita ce Motorola 68000 mai gudun megahaz 7, ma'ajiyarta kuwa kilobayit 256 ce. To, amma ƙarfinta na gaskiya yana ga wasu ƙwayoyi uku da aka ƙera musamman dominta, aka kuma raɗa musu suna Agnus da Denise da Paula. Waɗannan su ne ke ɗauke wa ƙwaƙwalwa nauyin hoto da sauti. Suna iya kwashe wani yanki na hoto su mayar da shi wani wuri cikin ƙiftawar ido, suna iya zamar da shimfiɗar allo hagu ko dama ba tare da an sake zana ta ba, kuma suna fitar da muryoyi huɗu a lokaci guda. Amiga na nuna launi 32 tare daga cikin 4,096, a lokacin da yawancin kwamfutocin ofis ba su wuce launi 4 ko 16 ba.

Da aka fitar da Amiga 500 mai sauƙin kuɗi a 1987, sai ta bazu cikin gidaje a Turai, musamman Ingila da Jamus. Akwai wasu abubuwa biyu game da ita waɗanda ba a ɗauke su da muhimmanci ba a lokacin, amma za a sake cin karo da su nan gaba. Na farko, Commodore ya buga littattafan da ke bayyana yadda ƙwayoyin ke aiki dalla-dalla, kowa na iya saye. Na biyu, akwai wata 'yar ƙofa a ƙarƙashin na'urar, wadda mai ita zai iya buɗewa ya cusa katin ƙarin ma'ajiya.

Tsarin falle da tsarin dunƙule

Ba za a fahimci sauran labarin ba sai an san yadda kwamfuta ke ajiye hoto. Hoton da ke kan allo tarin ɗigo-ɗigo ne. A wasannin wancan zamani akan jera ɗigo 320 a kwance, 200 a tsaye, jimla 64,000, kuma kowane ɗigo yana da lambar launinsa. Hanya biyu ce ta ajiye waɗannan lambobi.

Alal misali, a ɗauka akwai akawu mai kula da ma'aikata 64,000, kowanne da lambar sashensa, daga 0 zuwa 255. Hanya ta farko ita ce ya buɗe rajista guda, ya rubuta lambar kowane mutum a gaban sunansa. In an sauya wa mutum sashe, sai ya buɗe wuri ɗaya, ya goge, ya rubuta. Wannan shi ne tsarin dunƙule. Hanya ta biyu ita ce ya buɗe rajista takwas, a kowace kuma ba ya rubuta kome a gaban suna sai ɗaya ko sifiri, ta yadda sai an harhaɗa amsoshin nan takwas sa'an nan lambar mutum ta fito. In an sauya wa mutum ɗaya sashe, tilas ya buɗe rajista takwas ɗin duka. Daɗin daɗawa, mutane da yawa ne ke tarayya a kowane layi, saboda haka ba ya iya taɓa alamar mutum ɗaya sai ya karanta layin duka, ya gyara, ya sake rubuta shi. Wannan shi ne tsarin falle, kuma shi Jay Miner da abokan aikinsa suka zaɓar wa Amiga.

Kada a ɗauka wauta ce ta sa su yin haka. A farkon shekarun 1980 ma'ajiya na da tsada ƙwarai, tsarin falle kuwa yana tattalinta. Falle ɗaya na cin bayit 8,000. Mai bukatar launi 8 falle uku sun ishe shi, watau bayit 24,000; mai bukatar launi 32 zai yi amfani da biyar, watau 40,000. A na'urar da duk abin da ta mallaka kilobayit 256 ne, wannan rangwame babba ne. Haka kuma wasannin lokacin hotuna ne shimfiɗaɗɗu, inda bango ke zamewa, 'yan ƙananan siffofi kuma suna yawo a kansa. Irin wannan aiki na kwashe yanki-yanki ne, kuma a nan ƙwayoyin Amiga suka fi ƙwarewa.

A ɗaya ɓangaren, cikin 1987 IBM ya fito da tsarin hoto mai suna VGA, wanda ke nuna launi 256 a allo mai ɗigo 320 sau 200, kowane ɗigo da bayit ɗinsa guda. Wannan tsari ba shi da mataimaka irin na Amiga, duk aikin yana kan ƙwaƙwalwa. Muddin ƙwaƙwalwa tana da rauni, Amiga ce a gaba. Sai dai kamfanin Intel ya yi ta ƙara wa ƙwaƙwalensa gudu, daga 386 zuwa 486, farashinsu kuma yana sauka, domin kamfanoni barkatai ne ke gasar harhaɗa irin waɗannan kwamfutoci.

Zuwan Doom

Ranar 10 ga Disamba 1993, wani ƙaramin kamfani a jihar Teksas mai suna id Software ya ɗora kashin farko na wasan Doom a kan kwamfutar Jami'ar Wisconsin, domin kowa ya kwafa kyauta. Wanda ya ji daɗi sai ya aika da kuɗi a ba shi sauran. John Carmack ne ya rubuta injin, John Romero kuma yana cikin manyan masu tsara filayen wasan. A cikin wasan, mutum yana gani ne da idon wani soja da ke ratsa ɗakuna da lunguna yana yaƙi da dodanni. Ana ganin bene da rami, haske da duhu, kusa da nesa. Yana bukatar aƙalla ƙwaƙwalwa 386 da ma'ajiya megabayit 4.

Abin lura a nan shi ne yadda injin ke zana hoto. Da zarar ɗan wasa ya juya ko ya taka, duk abin da ke allon ya sauya, babu yankin da za a kwashe a mayar wani wuri. Injin yana zana bango ne tsaye-tsaye, ɗigo bayan ɗigo daga sama zuwa ƙasa, daɓe da rufi kuma a kwance, kuma kowane ɗigo sai an lissafa launinsa bisa ga nisansa da haskensa. Yana iya sabunta hoton har sau 35 a daƙiƙa ɗaya. In an ninka 64,000 sau 35, za a sami ɗigo 2,240,000 a kowace daƙiƙa. A tsarin dunƙule, kowane ɗigo rubutu ɗaya ne. A tsarin falle mai launi 256, akawun nan sai ya buɗe rajista takwas a kan kowane ɗigo. Ƙwayoyin da suka ɗaukaka Amiga sun koma 'yan kallo, domin ba a ƙera su don irin wannan aiki ba. Kiɗa ya sauya, ita kuwa ba ta da halin sauya rawa.

Na'urar da yawancin masu sayen sabuwar Amiga ke samu a lokacin ita ce Amiga 1200, wadda ta fito a watan Oktoba 1992 a kan fam 399 a Ingila. An ƙara mata launuka zuwa 256, watau falle takwas, amma ƙwaƙwalwarta 68EC020 ce mai megahaz 14, ma'ajiyarta kuma megabayit 2, rabin abin da Doom ke nema. Bugu da ƙari, ƙwaƙwalwar da ƙwayoyin hoto suna tarayya ne a wannan ma'ajiya, don haka takan tsaya jiran layi kafin ta karanta ko ta rubuta.

A cikin 1994 wani mai Amiga ya rubuta wa John Carmack yana neman a dasa musu wasan. Amsar da ya bayar, wadda aka yi ta yaɗawa, ta nuna cewa Amiga ba ta da ƙarfin ɗaukar Doom: wasan na bukatar cikakken gudun ƙwaƙwalwa 68040 ko da hoton na dunƙule ne, juya shi zuwa falle kuwa zai durƙusar da ko mafi saurin Amiga. Ba da ka ya yi wannan magana ba, domin an rubuta Doom ne a kan kwamfutocin NeXT, na kamfanin Steve Jobs, waɗanda ke amfani da Motorola 68040, ƙanwar ƙwaƙwalwar Amiga.

Faɗuwar Commodore da shekarun kwaikwayo

Sau da yawa akan ji ana cewa Doom ne ya kashe Amiga. Lissafin kwanaki bai goyi bayan wannan magana ba. A shekarar kuɗi da ta ƙare a watan Yuni 1993, wata shida kafin fitowar wasan, Commodore ya riga ya yi asarar fiye da dala miliyan 350. Injiniyoyinsa sun san matsalar falle, domin tun 1988 suke aikin wasu sababbin ƙwayoyi da ake kira AAA, masu iya nuna hoton dunƙule, amma aikin ya yi ta jan ƙafa har aka yi watsi da shi a 1993. Abin da suka iya yi kawai shi ne su sa wata ƙwaya mai suna Akiko a cikin na'urar wasa ta CD32, wadda ta fito a watan Satumba 1993. Ana miƙa wa Akiko ɗigo 32 a dunƙule, ta mayar da su a falle. Amiga 1200 ba ta sami wannan ƙwaya ba. Ranar 29 ga Afrilu 1994 Commodore ya bayyana rushewarsa, Jay Miner kuma ya rasu a watan Yuni na wannan shekara. Kamfanin Escom na Jamus ya sayi abin da ya rage a 1995, shi ma ya karye a 1996. Gateway 2000 na Amurka ya saya a 1997, bai kuwa fitar da wata sabuwar Amiga ba. Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne, Doom ya tona asirin raunin da ya riga ya kama na'urar, ya kuma ja matasa masu saye zuwa wata kasuwa.

A daidai wannan lokaci ana ta dasa Doom a wasu na'urorin wasa, kuma sau biyu ta hanyar ƙarin kayan aiki. A 1994 ya fito a kan 32X, wani akwati da ake ɗora wa na'urar Sega domin ƙara mata ƙarfi. A 1995 ya fito a kan Super Nintendo, inda aka sa wata ƙwayar lissafi mai suna Super FX a cikin kaset ɗin wasan kansa, aka kuma rubuta sabon inji. Waɗannan duka da yardar id Software aka yi su, domin akwai kamfanoni masu rai a bayan na'urorin. Amiga kuwa marainiya ce.

Da masu shirya wasanni na Amiga suka ga haka, sai suka koma kwaikwayo. A cikin 1995 kaɗai an fitar da Gloom daga Niyu Zilan, da Alien Breed 3D daga Ingila, da Fears daga Faransa, da Breathless daga Italiya. Kowanne da dabarar da ya bi ya kauce wa matsalar falle: wasu sun ƙanƙance tagar hoton, wasu sun kumbura ɗigon ya zama ninki biyu a tsaye da kwance, don adadin abin zanawa ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Ko da yake babu wanda ya kamo Doom a cikinsu, wannan gasa ta haifar da ilimi mai amfani. An gano cewa maimakon a rubuta kowane ɗigo kai tsaye a falle takwas, gara a zana hoton duka a dunƙule a wani ɓoyayyen wuri cikin ma'ajiya, sa'an nan a juya shi gaba ɗaya, ɗigo 32 a kowane ɗauka, ta hanyar musanya bit rukuni-rukuni. Masu sha'awa a ƙasashe dabam-dabam suka yi ta gasar rage matakan wannan juyi, suna ɗora sakamakonsu a rumbun Aminet, wanda aka fara a Suwizalan a 1992, inda kowa ke ɗauka kyauta.

Katunan ƙarin gudu

A nan ne 'yar ƙofar nan ta ƙarƙashi ta nuna amfaninta. A Amiga 1200 an faɗaɗa ta yadda katin da aka cusa zai iya ɗauke aikin ƙwaƙwalwar asali ɗungurungum. Ko katin da ba shi da kome sai ƙarin ma'ajiya yakan kusan ninka gudun na'urar, domin wannan ma'ajiya ta ƙwaƙwalwa ce ita kaɗai, babu jiran layi. Ƙananan kamfanoni, yawanci a Jamus da Ingila da Amurka, suka shiga ƙera irin waɗannan katuna. Wanda ya fi shahara shi ne phase5 na Jamus, mai katin Blizzard 1230 da ke ɗauke da 68030 mai megahaz 50, da Blizzard 1260 mai ɗauke da 68060. Daga 1997 kamfanin ya fara fitar da katuna masu ƙwaƙwalwar PowerPC, irin wadda Apple ya koma amfani da ita. Ga manyan samfuran Amiga kuma an ƙera katunan hoto irin su Picasso da CyberVision, masu nuna hoton dunƙule kai tsaye.

Wannan hanya ba ta da arha. Katin 68060 ya fi ita kanta Amiga 1200 tsada, kuma da yawa sun ga gara su haɗa kuɗin su sayi kwamfuta mai tsarin IBM. Amma waɗanda suka tsaya sun wayi gari a 1997 da na'urori masu ƙarfin da Carmack ya ce ana bukata, ga kuma dabarar juya hoto ta nuna. Abu ɗaya ya rage, shi ne injin kansa, wanda asalin rubutunsa ke kulle a hannun masu shi.

Sakin asalin rubutu da aikin dashe

Ranar 23 ga Disamba 1997, id Software ya saki asalin rubutun injin Doom ga jama'a, bisa sharaɗin kada a yi kasuwanci da shi. A watan Oktoba 1999 kuma aka mayar da shi ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya fi sakin mara. Kayan wasan, watau hotuna da taswirori, ba a sake su ba, suna nan a matsayin hajar kamfani. Hakan ya yiwu ne domin tun farko an ware su a wani kundi dabam da ake kira WAD. Kafin a yi nisa cikin 1998 an sami dashe fiye da ɗaya a kan Amiga. Daga cikin waɗanda suka fi suna akwai ADoom, wanda wani mai sha'awa a Niyu Zilan ya yi, da kuma DoomAttack.

Me ya sa aikin da aka shekara huɗu ana cewa ba zai yiwu ba ya kammala cikin ɗan lokaci haka? Dalili na farko shi ne yadda aka tsara injin. An rubuta kusan dukkansa da harshen C, wanda ba na wata ƙwaƙwalwa guda ba ne, aka kuma killace duk abin da ya shafi na'ura, watau allo da sauti da maɓallai da agogo, a cikin 'yan kundaye kaɗan. Mai dashe waɗannan kawai zai sake rubutawa. Dalili na biyu ya shafi jerin lambobi. Ƙwaƙwalen Intel suna ajiye babbar lamba ne daga ƙaramin gefenta, na Motorola kuwa daga babban gefe, kamar dai boko da ajami, wannan daga hagu, wancan daga dama. In Motorola ta karanta kundin da aka shirya wa Intel ba tare da an juya ba, shirme za ta gani. To, da yake a kan NeXT aka haifi injin, an riga an tanadi wannan juyi a cikinsa.

Duk da haka akwai aikin da ya rage. Rubutun da aka saki na tsarin Linux ne, ba shi da ɓangaren sautin da aka yi amfani da shi a DOS, domin wannan mallakar wani ne dabam, saboda haka sai da aka rubuta wa ƙwayar Paula nata. Sa'an nan ga lissafi. Doom ba ya dogara da ɓangaren ƙwaƙwalwa mai lissafin ɓarin lamba; yana ninka lambobi biyu masu bit 32 ne ya sami amsa mai bit 64, kuma yana yin haka ba adadi a kowane hoto. Ƙwaƙwalen 68020 da 68030 da 68040 suna da umarni guda na yin wannan, tsohuwar 68000 ba ta da shi, a 68060 kuma Motorola ya cire shi, don haka mafi tsadar katunan sai da aka yi masa tasa hanyar. A ƙarshe aka haɗa injin da shirin juya dunƙule zuwa falle, wanda aka shekara uku ana wasa shi kamar wuƙa.

Sakamakon ya bambanta bisa ga abin da mutum ya cusa a ƙofar. Amiga 1200 yadda ta fito daga kanti ba ta da ma'ajiyar da za ta ɗauki wasan. Da katin 68030 ana iya yi, in an rage girman tagar ko ingancin hoton. Da 68060 ko PowerPC kuwa wasan na tafiya sumul. A 1998 kamfanin clickBOOM na Kanada ya fitar da Quake, magajin Doom, a kan Amiga, da izinin id Software, shi ma domin na'urori masu katin ƙari.

Shin Amiga ce har yanzu?

Daga nan wata muhawara ta taso wadda ba ta ƙare ba. Shin Carmack ya yi kuskure? In aka duba na'urar da ke hannun yawancin mutane a 1994, maganarsa daidai ce. Na'urar ce aka sauya a ƙarƙashin maganar. Wanda ya sa katin ƙwaƙwalwa da katin hoto ya kewaye ƙwaƙwalwar asali da ƙwayar hoto ta asali gaba ɗaya, abin da ya rage na Commodore bai wuce maɓallai da sauti da tsarin gudanarwa ba. Al'amarin ya yi kama da tsohuwar motar da makaniki ya sauke wa inji ya ɗora na wata: lambarta da takardunta ba su sauya ba, amma abin da ke jan ta dabam ne.

Tambayar ta ƙara ƙarfi a wannan ƙarni. Kamfanin phase5 ya karye a shekarar 2000, Motorola kuma bai ci gaba da zuriyar 68060 ba, amma masu sha'awa ba su daina ba. A tsakiyar shekarun 2010 aka fito da katunan Vampire, masu ƙwayar da ake tsara ta ta yi aikin ƙwaƙwalwar Motorola da gudun da Motorola bai taɓa kaiwa ba. Wajen 2020 kuma aka fito da PiStorm, inda ake cire 68000 daga gurbinta a Amiga 500, a dasa 'yar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ta riƙa kwaikwayonta. Da irin waɗannan, na'urar 1987 tana ɗaukar Doom, sai dai baƙon da ke cikinta ya fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Wannan ne ya sa wasu suka bi ta ɗaya hanyar. Wajen 2021 wani mai tsara shirye-shirye daga Polan ya nuna wani sabon inji mai suna Dread, wanda ke zana fili mai kama da na Doom a kan Amiga 500 mai megahaz 7 da megabayit 1. Shi ya bar na'urar yadda take, ya rubuta inji daidai da ita, ya kuma sa tsofaffin ƙwayoyin Jay Miner su taya ƙwaƙwalwa aiki. Hanyoyi biyu ke nan: ko a ɗaga na'ura ta kai ga injin, ko a sassaƙa inji ya zo daidai da na'ura.

Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa tsarin falle, wanda ya sa Amiga ta yi fice a 1985 domin ya dace da tsadar ma'ajiya da irin wasannin lokacin, shi ne ya zame mata dabaibayi a 1993. Duk wata ƙira ta na'ura hasashe ce game da aikin da za a nema a gobe, kuma ko gwanin injiniya hasashensa na da wa'adi. An kuma ga cewa kamfanoni uku da suka mallaki sunan Amiga ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya kawo mata Doom. Waɗanda suka kawo shi su ne ƙananan maƙera katuna da masu sha'awa da ke aiki a gidajensu, kuma sun iya ne domin an bar ƙofa a jikin na'urar, an buga bayanin ƙirarta, an kuma saki asalin rubutun injin. Da ɗaya daga cikin waɗannan ya kasance a rufe, da ƙwazonsu bai kai su ko'ina ba.

Bisa ga haka, jami'in da aka ɗora wa alhakin sayen na'ura ko manhaja domin ma'aikata ko makaranta, bai kamata ya tsaya ga tambayar gudu da farashi ba. Wajibi ne ya tambaya ko wani dabam da mai sayarwa zai iya buɗe ta ya ƙara mata abu, ko bayanin ƙirarta na samuwa a rubuce, da kuma wanda ke riƙe da asalin rubutun manhajar in kamfanin ya gushe. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in tulun na buɗuwa. Commodore ya riƙe Amiga a kasuwa shekara tara, daga 1985 zuwa 1994. Masu amfani da ita sun riƙe ta fiye da shekara talatin bayan haka.